Ranar da Bel Ya Cafki Hijabin Lantana

Ku matso ku ji wannan, don ku za ku yanke hukunci.

A wani kamfanin casar shinkafa akwai wata bazawara, Lantana, mai tara buhu a bakin inji. Mai kamfanin, Alhaji Barau, mutum ne mai son kafa doka kamar ransa. Ya ce kowa ya sa yunifom mai gajeren hannu, mata su yi ƙananan kitso su cusa cikin hula, maza su rage gemu. Har lalle ya hana, sai ka ce lalle na cin shinkafa. Lantana ta bi komai ban da abu ɗaya, ta ce ita ba ta tsayawa cikin maza ba hijabi. Da Alhaji ya juya baya sai ta zura abinta.

Wata Laraba da hantsi ta sunkuya ɗaukar buhu, bel ɗin inji ya cafki gefen hijabin. Ta ji an fizgi wuyanta, numfashi ya ɗauke, ko salati ya ƙi fita. Tana kallon ƙarfe na juyawa, yana jawo ta taku bayan taku. Tsoro ya cika ta, ba abin da take gani sai 'ya'yanta uku a gida.

Sallau, wanda bai taɓa saɓa dokar Alhaji ba, ya rarrafa ta ƙarƙashin bel ya kashe wuta. Da babbar riga ce a jikinsa, da shi ma inji ya haɗa da shi. Amma ƙarfen bai tsaya nan take ba.

Jatau, ɗan mahauta mai taurin kai, ya daɗe yana sa riga mai dogon hannu don ɓoye wuƙar da yake ɗaurawa a dantse. Ya zaro ta ya yanke hijabin.

Kafin nan kan Lantana ya riga ya gogi bel. Ya tafi da hular, amma bai sami gashin kamawa ba, saboda kitson da Alhaji ya tilasta.

Alhaji ya iso, ya ce, "Ke da Jatau, kun karya mini doka. Gobe zan san abin yi da ku."

To, jama'a, wa ya ceci Lantana, wanda ya kafa dokar, wanda ya bi ta, ko wanda ya karya ta? Kuma gobe, wa Alhaji zai kora?