Takardar Da Na Tokare Benci Da Ita

Godiya ta tabbata ga Allah mai halitta cuta da maganinta, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta. Malaminmu, shaihinmu, bawan Allah mai tsantseni da gudun duniya, Allah ya ƙara masa yarda, mutum ne da ilimi ya kwanta a ƙirjinsa kamar ruwa a randa, ba ya motsi sai an zo ɗiba. Ya sha fiƙihu da tafsiri da hadisi har ya ƙoshi, amma ɗakin karatunsa ba abin da ke ciki sai tabarma, da buta, da littattafan da bangonsu ya sha hannu, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya ji shi ya ɗaga murya ba.

Ni kuwa da nake ba da labarin, kunya ta hana ni kiran kaina ɗalibinsa. Na yi karatu a gabansa wata bakwai na gudu, boko ma a aji biyu na sakandare muka yi hannun riga. Ƙaiƙayi ake ce mini, kuma ba yabon kai ba, a duk layinmu ba a yi ɗan tsokana kamata ba. Ni na sa wanzami ya rufe shago ya tafi tarbar baƙon da babu shi. Sana'ata fenti a shagon Yayana mai walda, shi ya ƙera ƙyaure, ni in shafa.

Wata Laraba muna zaune a gaban shago sai aka ɗauko zancen Malam, wai yana ganin abin da ke zuciyar mutum. Na bugi ƙirji na ce ni zan shirga masa ƙarya ya haɗiye. Na je na tuɓe takalmi, na durƙusa, na matso hawaye, na ce, "Allah gafarta Malam, Yayana ne ba lafiya, ciwon zuciya, a taimaka da addu'a." Alhali na baro Yaya yana ɗaga ƙyauren ƙarfe shi kaɗai, mutum kamar doki.

Malam, Allah ya ɗaukaka darajarsa, ya dube ni har sai da na ji wuyana ya yi nauyi, sannan ya ce a hankali, "Allah ya ba shi lafiya. Maganin zuciyarsa yana cikin ƙashin ƙugunsa." Ya yi rubutu a 'yar takarda, ya ninke, ya miƙo mini. "Ka ba shi hannu da hannu, yau."

Kafin in kai shago dariya ta kusa kashe ni. Zuciya a ƙirji, magani a ƙugu! Na kwaikwayi muryarsa, Allah ya yafe mini, 'yan layi suna ta faɗuwa. Takardar kuwa da ajami aka rubuta ta, ni da ajami kuma gaisuwa ce daga nesa, saboda haka na ƙara ninke ta na tokare ƙafar bencin aikinmu da ke rawa, na ci gaba da shafa koren fenti a ƙyauren wata makaranta.

Kwana tara bayan haka, da hantsi, Yaya ya ajiye kan walda, ya cire baƙin tabarau, ya dafe ƙirji ya ce kamar an ɗora masa buhun siminti. Gumi ya jiƙa shi sharkaf, ya sulale ya zauna a ƙasa. Na fita a guje wurin maƙwabcinmu mai sayar da taya, shi ke da mota.

"Don Allah tashi, Yaya zai mutu! Zuciyarsa ce!"

"Ciwon zuciyar nan dai na Malam?" in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba. "To ka duba ƙugunsa mana."

Na kira matar Yaya a waya. Ta ce, "Ƙaiƙayi, wanki nake yi. Bara ka ce gobara ta tashi a shago, na fito da takalmi wari da wari. Nemi wata."

Sai da na kama wuyan rigar mai taya na jawo shi har cikin shago ya gani da idonsa. Tsakanin wannan da cunkoson hanya, mun ɓata fiye da awa ɗaya.

A asibiti likitoci suka zura siririn bututu ta hannunsa suka buɗe jijiyar da ta toshe, Yaya ya rayu. Amma a rana ta uku likitar zuciya, wata mace mai magana a natse, ta tara mu a gefen gado, ni da Inna mahaifiyarmu da Anti matar Yaya. Ta ce saboda jinkirin da aka yi, wani ɓangare na naman zuciyar ya mutu, kuma naman zuciya ba ya tofowa kamar fata, tabo yake bari. Lafiyayyar zuciya tana tura sama da rabin jinin da ke cikinta a kowane bugu, tasa kashi talatin kawai take turawa, in ta tsaya haka ko matakala zai dinga hawa da haki, balle walda.

"Akwai wata hanya da ake kan bincike a kanta," in ji ta. "Ba na yi muku alkawari ba, wasu na samun sauƙi, wasu ba sa samu. A cikin ɓargon mutum akwai ƙwayoyin halitta na asali, waɗanda ke taimakon jiki ya gyara kansa. Za mu ɗebo su da allura, mu tace, mu tura su ta bututu zuwa inda zuciyar ta ji rauni. Amma sai cikin makon nan."

Anti ta ce, "Daga ina za a ɗebo?"

"Daga ƙashin ƙugunsa."

Wallahi ban san lokacin da robar ruwan da ke hannuna ta faɗi ba. Na yi ta innalillahi har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ko wani ne ya cika.

Inna ta ce sam, ɗanta ba zakaran gwajin dafi ba ne. Yaya ma ya girgiza kai, ya ce wanda aka huda masa hannu shekaranjiya ba za a huda masa baya gobe a kan wataƙila ba. Na zube a gabansu na kwashe labari duka, na ce Malam ya faɗi haka tun kafin ciwon ya zo.

Inna ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Ɗan'uwanka na kwance, kai kana ƙirƙiro wa bawan Allah ƙarya? Fita ka ba ni wuri."

Ranar na san cewa wanda ya saba sayar da jabu, ko zinariya ya kawo ba mai taya ta.

Bayan la'asar na isa wurin Malam, wannan karon hawayen ba matsowa na yi ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, ƙarya na yi maka, kuma bakina ya jawo wa Yayana."

Ya rufe littafin da ke gabansa, Allah ya jiƙan mahaifansa, ya ce, "Na sani. Takalminka ka bari a ƙofa, dariyarka kuwa da ita ka shigo. Ba ƙaryarka ta kawo ciwon ba, yana hanya tun kafin ka zo." Na fara jin sanyi a raina, sai ya ƙara da cewa, "Takardar fa, ka ba shi?"

Na sunkuyar da kai. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce kawai, "Tana inda ka sa ta. Benci ya jira, zuciya ba ta jira." Ni kuwa ban taɓa gaya masa zancen benci ba.

Na ruga shago, na ɗaga bencin da kafaɗa, na zaro ta. Ta baje, ta sha ƙura, ga ɗigon koren fenti ya bushe a kanta ya manne ninkin. Na kai asibiti na ajiye a tafin Yaya, hannu da hannu, bayan kwana goma sha biyu. Ya juya ta ya ce, "Wannan ai fentin ƙyauren makaranta ne, tun wancan makon muka kai shi." Anti, wadda ita ta yi karatun da na guje wa, ta ɓamɓare ta da farce ta karanta:

"Ka je ka ga likitan zuciya kafin Juma'a, kada ka jira ciwo. In kuma an makara, aka ce za a ɗebo daga ƙugunka a kai zuciyarka, ka yarda. Allah ne mai warkarwa."

Inna ta dafe kai tana salati. Yaya ya daɗe yana kallona, kallon da har gobe in na tuna shi abinci ba ya wuce mini, domin kowa ya ji wannan "kafin Juma'a". Sannan ya ce wa Anti, "Kira likita, ta kawo takardar in sa hannu."

Aka yi aikin washegari da safe, idonsa biyu, ya ce allurar ƙugun ta fi komai zafi. Bayan wata shida aka sake auna zuciyar, ta tashi daga talatin zuwa arba'in da uku. Likita ta ce ba za ta rantse ko ƙwayoyin ne ba, ko magungunan da yake sha, ko duka biyun. Da na kai wa Malam wannan magana, sai ya yi murmushi ya ce, "Gaskiya ta faɗa. Ta yi aikinta, Mai aiki ya yi nasa. Ya ci gaba da shan maganinsa."

Yaya ya koma walda, amma bai ƙara ɗaga ƙyaure shi kaɗai ba, kuma ba zai ƙara ba. Ni nake ɗaga masa, kuma duk sanda nauyin ya sauka a kafaɗata na san abin da nake ɗauke da shi. Na koma gaban Malam da gemuna ina koyon baƙaƙe, don kada a sake ba ni rai a ninke in tokare benci da shi.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da kusanci, ya haskaka makwancin malamansa, ya sa albarkarsa ta lulluɓe mu da iyalanmu. Wanda ya karanta wannan ya sa Yayana a addu'a, ni kuma ya roƙa mini Allah ya shiryi harshena, ya sa ko sau ɗaya in faɗi gaskiya a yarda ba sai na kawo shaidar fenti ba. Amin.