Abin da Ya Sa Ƙaguwa Mai Dogayen Ƙafafu Take Yafa Ciyawa

Ku matso, yara, ku ji dalilin da ya sa ƙaguwar teku mai ƙafafu irin na gizo-gizo take yawo da ciyawa a gadon bayanta.

A da can bayanta sumul yake kamar sabuwar tasa. Sunanta Dela, ga ƙafafu zaƙo-zaƙo, ga surutu. Duk wanda ya gifta sai ta tare shi ya yaba ƙafafun nan, ko yana sauri.

To, al'adar ƙaguwa ce idan ɓawonta ya matse ta, ta shige rami ta tuɓe, ta zauna har sabon ya yi ƙwari, domin a lokacin jikinta laushi gare shi kamar tuwo. Dela ta ce ita rami ya yi mata kaɗan, ta tuɓe a fili kowa yana gani. Ni dai ban taɓa jin wauta irin wannan ba.

Ko gama miƙa ba ta yi ba sai ga inuwar Bakin-Randa, ƙaton kifin da ba ya tauna, haɗiya kawai. Dela ta ruga ramin maƙwabta, jiki ya shiga, ƙafafu suka ƙi. Ta fito a gigice, ta fizgi ciyawa, ta yago soso, ta kwaso har da tarkacen da ba ta san sunansa ba, tana dannawa a bayanta mai laushi, suna kamawa. Ta lanƙwashe ƙafafu ta lafe.

Bakin-Randa ya tsaya daidai kanta ya ce, "Ke tulin ciyawa, ina mai kyawawan ƙafafun nan ta shiga?"

Kyawawa fa ya ce! Daɗi ya kama Dela, "ga ni" ta taho har bakinta. Ta danne, ta haɗiye da ƙyar, tsoro da takaici kamar su kashe ta.

Kifin ya ce ba komai, zai riƙa zagayowa har ya gan ta. Sabon ɓawon Dela ya bushe da ƙananan ƙugiyoyi a inda ciyawar ta kama, 'ya'yanta kuma suka gada. Kowace tana yafa abin unguwarsu, wata ja, wata kore, wata mai gashi buya-buya.

Shi ya sa har yau, da zarar ta sake ɓawo, take hanzarin kwashe kayan tsohon ta manna a sabon. Bakin-Randa yana nan yana zagaye, Dela kuwa ba ta sake buɗe baki ba.