Mai Awon Wuta da Iskar Kan Tudu

Akwai wani ma'aikacin asibiti da aka danƙa wa na'urar da ke ƙone ciwon daji da haske. Aikinsa shi ne auna ƙarfin hasken kafin a kwantar da marar lafiya. Abin awon ɗan bututu ne kamar yatsa, iska tana shiga cikinsa. In iska ta yi sauƙi, bututun yakan nuna ƙasa da gaskiya. Saboda haka dole mai awo ya duba ma'aunin nauyin iskar ɗakin, ya gyara lissafi.

Mutumin ya daɗe yana aiki a bakin teku, sai aka mai da shi wani asibiti a kan tudu, inda iska ba ta da nauyi. Ma'aunin yana rataye a ɗakin da ke kusa, amma gogan naku ya ƙi tashi. Ya ce, "Iska ai iska ce." Ya ɗauki lambar da ya saba da ita a bakin teku. Da bututun ya nuna kaɗan, sai ya ce na'urar ta yi rauni, ya ƙara mata wuta. Wannan ganganci yana ba ni haushi ƙwarai.

Akwai kuwa wata gwauruwa mai sayar da dankali, ana yi mata magani a wuya da na'urar. Kwanci tashi, fatarta ta saluɓe. Ta ce wa mai awon, "Ɗana, ko kunu ba ya wucewa."

Ya ce, "Mama, haka maganin yake. Ki yi haƙuri."

Sa'ad da likita ya ga ƙunar, ya sa aka sake awo da ma'aunin ɗakin, gaskiya ta fito. Aka tsai da maganin sai wuyan ya warke, ciwon kuwa bai jira kowa ba.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Hasken shi ne tsautawa, tana warkarwa, tana kuma ƙonewa. Nauyin iska shi ne halin da ɗan'uwanka yake ciki yau. Mu iyaye da dattawan ikilisiya, sau nawa muke ganin mutum ya yi sanyi, mu ce bangaskiyarsa ta raunana, mu ƙara masa wuta? Ba mu taka ƙofar gidansa mun ga abin da yake ɗauke da shi ba. Na gaji da ganin wannan a cikinmu. Kada kuma shirunsa ya ruɗe ku. Ranar da aka sallami gwauruwar nan, sai da ta nemi mai awon, ta durƙusa, ta yi masa godiya da muryar da ba ta fita.