Injin Kyauta da Sunaye Goma

Akwai wani manomi a Dundaye mai suna Zayyanu. Noman rani yake yi a fadama, shinkafa da ɗan albasa a gefe. Mutum ne mai ƙwazo, ba a taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba. Aibinsa ɗaya ne: ba ya son a ce an fi shi wayo. In ya riga ya faɗi magana a gaban mutane, ko ya gane kuskure ce ba ya janyewa.

Wata ranar Talata da hantsi, yana bakin gona yana zuba wa injin ban ruwansa fetur, sai wayarsa ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Muryar mace mai laushi ta yi masa sallama, ta kira shi da cikakken sunansa.

"Alhaji Zayyanu, muna taya ka murna. Daga Kulob ɗin Gatan Manomi muke kira. Lambarka ta fito cikin waɗanda suka ci kyautar injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Ba ka biyan ko kwabo. Ka zo otal ɗin da muke taro ranar Asabar ƙarfe goma ka ɗauka. Sharaɗi ɗaya ne, ka taho da mai ɗakinka."

Zayyanu bai taɓa zuwa Makka ba, amma Alhajin nan ya yi masa daɗi. Ya dubi jarkar fetur da ke hannunsa, wadda ita ke cinye rabin ribarsa duk shekara. Bai tambayi komai ba sai sunan otal ɗin.

Kafin ya isa gida ya biya ta majalisarsu ta bakin masallaci, ya ba da labari. Har ya yi wa wani abokinsa alkawarin aron sabon injin.

Da ya gaya wa matarsa Rukayya, tana kan keken ɗinki, sai ta tsayar da ƙafa.

"Baban Ihsan, yaushe ka shiga gasa?"

"Ban shiga ba. Lambata ta fito."

"To ina sunka samu lambar? Kuma in kyauta ce, mi za ni yi can? Ni za ni ɗauko injin a ka?"

Ya ɓata rai. "Ke komi sai kin sa mashi zargi. Arziki ya biyo mutum har gona, ki tsaya tambayar hanyar da ya biyo."

Ta ci gaba da ɗinkinta. Amma ranar Asabar ta saka hijabinta ta bi shi, domin ta fi son ta gani da idonta.

A ƙofar zauren otal ɗin wata budurwa ta tarbe su da murmushi, ta miƙo kwando. Wai a ajiye wayoyi don kada su dami taro. Rukayya ta dubi mijinta. Shi kuwa ya riga ya jefa tasa.

Cikin zauren akwai ma'aurata kusan talatin. A gaba an jera manyan kwalaye masu hoton inji, an ɗaure su da jan ƙyalle. Aka raba lemo mai sanyi. Aka rufe ƙofa, wani ƙato ya ja kujera ya zauna a jikinta.

Sai wani matashi mai kwat ya karɓi abin magana. Ya ce sunansa Mubarak. Da jin bakinsa ka san ba ɗan gari ba ne. Ya yi awa biyu yana magana. Ya nuna hotunan gonaki kore shar, ya ce duk ɗan kulob zai riƙa samun taki a rabin farashi, da iri, da motar da za ta zo har gona ta sayi amfani. Bai ambaci kyautar ba sai can ƙarshe.

"Injin naku ne, kyauta ne. Amma dokar kamfani ta ce sai mai katin zama ɗan kulob ake miƙa wa. Katin zinariya naira dubu ɗari uku ne. Saboda ku, yau kaɗai, dubu ɗari da tamanin. Wanda ya fita ƙofar nan bai yanka ba, kyautarsa ta koma hannun wani."

Sai wani mutum mai babbar riga ya miƙe daga tsakiya. Ya ce shi Alhaji Gazali ne, manomin shinkafa, bara ya shiga kulob, bana ya ninka gonarsa, yau ma ƙanensa ya zo yankar wa kati. Aka kaɗa ƙararrawa, ma'aikata suka yi tafi. Mutum uku suka bi bayansa zuwa tebur. Duk wanda ya sa hannu sai a sake kaɗa ƙararrawa.

Rukayya ta matso kusa da kunnen mijinta.

"Ka lura da kwalayen can? Ɗazu yarinyar nan ta gyara ɗaya da hannu guda. Injinka na gida, ba ku biyu ke ɗora shi a amalanke ba?"

"Na zamani ne, ba shi da nauyi," in ji shi, bai ko dube ta ba.

Ba a jima ba Mubarak ya jawo kujera ya zauna gabansu, gwiwarsa har tana taɓa ta Zayyanu. Ya ajiye fom da biro.

Rukayya ta ce, "Malam, a buɗe muna kwali guda mu gani."

"Hajiya, in an buɗe garanti ya lalace."

"To ba mu takardar mu tahi da ita gida, a karanta muna, mu dawo Litinin."

"Takardar ba ta fita daga nan. Kuma na faɗa, yau kaɗai ne."

"Ina ofishinku yake a cikin gari?"

Mubarak ya yi 'yar dariya, ya juya ga Zayyanu, ya sassauta murya kamar mai ba da shawara.

"Alhaji, ni na ɗauka da maigida nake magana. In sai an nemi izini a ɗaki, ba komai, mu ba da injinka ga wanda ke yanke shawara da kansa."

Maganar ta soki Zayyanu inda aka nufa. Fuskarsa ta canza. Ya ɗauki biro. Kuɗin da ya ware na taki da na 'yan dashe suna cikin asusunsa, kuma sun kai.

Rukayya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baban Ihsan, kuɗɗinka ne, ba ni hana ka. Abu guda nike roƙo. Ga manomi ɗan'uwanka can, Alhaji Gazali. Tahi ku gaisa, ka tambaye shi noma. In ka gamsu, dawo ka sa hannu."

Don ya rufe mata baki ya tashi. Ya miƙa wa mutumin hannu. Tafin da ya riƙe laushi gare shi, ba kanta ko ɗaya.

"Alhaji, barka da arziki. Shinkafar taka, daga dashe zuwa yanka wata nawa take yi?"

Mutumin ya ɗan yi jim, ya saci kallon Mubarak. "Wata bakwai, da ikon Allah."

Zayyanu ya saki hannunsa. Tun yana yaro yake cikin fadama. Ko ɗan shekara goma a Dundaye ya san wata uku ne da 'yan kwanaki.

Ya dawo ya ajiye biro. "Tashi mu tahi," ya ce wa matarsa.

Ƙaton nan na bakin ƙofa bai hana su fita ba, amma bai yi saurin janye kujerarsa ba. Aka nuna musu wani tebur. Budurwar da ta karɓi wayoyi ta miƙo musu nasu, tare da wata takarda mai layi goma.

"Alhaji, ba ma barin baƙo ya tafi hannu wofi. Ka rubuta mana sunayen manoma goma da lambobinsu, mu ba ka tukwici. Kuma sunanka zai zauna cikin jerin masu jiran inji."

Rukayya ta riƙe masa hannun riga. "Kada ka rubuta. Lambar mutane amana ce."

Amma Zayyanu majalisa yake tunani. Ya riga ya cika baki, ga shi zai koma ba komai. Kuma a ganinsa ai ya riga ya tsira, tunda bai biya ba. Mene ne a cikin lamba? Ya buɗe waya ya kwafe goma. Na farko da ya rubuta shi ne Kawu Malami, ƙanen mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsa.

Aka ba shi wata 'yar tocila mai caji a cikin leda.

A hanya Rukayya ta ce, "Tun da ka rubuta, kira su yau ɗin nan ka hwaɗa masu abin da munka gani."

"Za ni kira," in ji shi.

Bai kira ba. Kiran yana nufin ya faɗa da bakinsa cewa an kusa yi masa wayo. Da aka tambaye shi a majalisa sai ya ce injin yana hanya, takardu ake kammalawa. Duk lokacin da Rukayya ta tuna masa sai ya ce gobe.

Bayan kwana goma sha biyu, da la'asar, Kawu Malami ya yi sallama a gidan. Dattijo ne mai shekara sittin da wani abu, fuskarsa cike da fara'a. Rukayya ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa.

"Zayyanu, godiya na zo yi. Allah shi yi maka albarka. Mutanen nan na kulob sun kira ni, sunka ce kai ka ba da sunana, wai ka ce kada alherin ya wuce kawunka."

Ya zaro wani katin roba mai ruwan zinariya daga aljihu, ya ajiye a kan tabarma.

"Da hwarko na yi shakku. Amma da sunka ambace ka, sai na ce ai yaron nan ba ya kai ni ga ɓata. Na saida bijimina da buhu huɗu na shinkafa, na yanki kati. Sun ce sati guda za a kawo injin. Yau kwana takwas, lambar kuma ba ta shiga. Shi ne na ce bari in tambaye ka, kai yaushe anka kawo naka?"

Zayyanu ya dubi katin, sannan ya faɗa masa gaskiyar abin da ya faru. Rukayya ta sunkuyar da kai ta shige ɗaki.

Washegari shi da Kawu suka je otal ɗin. Mai kula da wurin ya ce hayar zaure kawai aka yi, Asabar da Laraba, an biya an tafi. Ya kai su bayan gini ya nuna musu kwalayen nan a jibge. Zayyanu ya ɗaga ɗaya. Ba komai a ciki sai tsofaffin jaridu. Suka kai ƙara wurin 'yan sanda, suka tarar da mutane da yawa sun riga su, kowa da katinsa a hannu.

A ranar Zayyanu ya kira sauran mutum tara. Biyu an riga an kira su, ana gayyatarsu wani sabon taro a wani gari, ɗaya har ya nemi kuɗin mota. Ya hana su. Bayan sallar magariba ya miƙe tsaye a majalisa, ya faɗi komai, har da ƙaryar da ya yi cewa inji yana hanya. Wasu suka yi dariya. Ya koma ya zauna.

Bijimin Kawu bai dawo ba, kuɗin ma ba su dawo ba. Shekarar nan Zayyanu ya rage rabin gonarsa. Da injinsa da feturinsa ya riƙa ba gonar Kawu ruwa, takin da ya saya ya raba biyu. Da aka yi yanka, ya ɗora buhu huɗu a amalanke ya kai gidan dattijon da kansa.

Kawu Malami ya dubi buhunan, ya dubi ɗan 'yar'uwarsa.

"Na yahe maka tun ranar, Zayyanu. Su ɓarayi ne, aikinsu sunka yi. Amma kwana huɗu tsakanin zuwanka da zuwana. Gidana da naka, ko kiran salla ɗaya muke ji. Da ka leƙo ka ce mani, Kawu, kada ka tahi, da bijimina na nan ɗaure."

Zayyanu ya durƙusa a gabansa, hawaye na zuba, ya ce, "Gaskiya ne, Kawu."

Darasi: Duk kyautar da aka ce sai ka biya kafin ka karɓa, ba kyauta ba ce. Wanda ya ce maka "yau kaɗai", ya hana ka fita da takarda, ya hana ka shawara da iyalinka, tsoron tunaninka yake yi. Kada ka ba baƙo lambar ɗan'uwanka, domin da sunanka za a yaudare shi. In kuma ka gano tarko, ka ajiye girman kai ka faɗa da wuri, kunyar yini ɗaya ta fi sauƙi a kan asarar wanda ya yarda da kai. Ku tura wa iyaye da 'yan'uwa wannan labari, musamman dattawan da ba sa shiga nan, ku karanta musu da bakinku tun kafin wayarsu ta yi ƙara.