Gafarar da Anas Bai Samu Ba

A Gyadi-Gyadi akwai wani saurayi mai suna Anas. Dogo ne ƙaƙƙarfa, a gudu kuwa ba a taɓa wuce shi a filin ƙwallon unguwar ba. Tun yana yaro babu abin da yake so kamar ya zama ɗan sanda. Matsalarsa ɗaya ce: ƙyuyar karatu. Da ya buɗe littafi sai hamma.

Da aka fara ɗaukar sababbin kurata, yayarsa Bilkisu, wadda take koyarwa a wata makarantar firamare a Darmanawa, ta samo masa littattafan shirin jarrabawa. Akwai na lissafi, akwai na gwajin tunani, akwai na dokokin ƙasa.

"Yaya Bilkisu, ɓarawo zan kama ko allo zan rubuta?" in ji Anas yana dariya. "Aikin nan na ƙarfi ne."

"Kafin ka kama mutum ai sai ka san ko doka ta ba ka dama," in ji ta. "Ran mutane za a danƙa maka, Anas."

Bai saurare ta ba. Ranar jarrabawa ya yi ta leƙen kwamfutar na kusa da shi har ya gama. Sakamako ya fito, ya ci. A makarantar horo ma haka ya lallaɓa: a fareti shi ne gaba, a aji kuwa kwafa yake yi. Da ya fito aka tura shi wani ofishin 'yan sanda da ba shi da nisa da gida.

Wata Juma'a da la'asar, wani mai shago a Unguwa Uku mai suna Tunde ya kawo ƙara. An ɗauke masa janareta da rana, lokacin da layin ya yi shiru mutane sun tafi masallaci. Anas ya tambaye shi wa yake zargi. Tunde ya ce bai ga kowa ba, sai dai wani direban bas mai suna Elisha ya taɓa taya shi shigar da janaretan, don haka ya san inda ake ajiye shi.

"Shi ne ɓarawon ke nan," in ji Anas.

Ogansu ya yi tafiya ranar. Anas ya hau babur ya nufi gidan su Elisha a Tarauni. Bai same shi ba, sai mahaifinsa, Baba Ɗanjuma, wani dattijo mutumin Filato da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, yana zaune a kan benci a ƙofar gida.

"Elisha ya ɗauki fasinja zuwa Jos tun da safe," in ji dattijon. "Da rana ma ya kira ni daga Saminaka. Yarona, ka lissafa nisan hanyar mana. Yaya za a yi yana can kuma yana Unguwa Uku?"

Da Anas ya tsaya ya yi wannan ɗan lissafin, ko ya je tasha ya tambaya, da magana ta ƙare a nan. Amma gani ya yi ana son a raina masa hankali a gaban maƙwabta.

"Tashi mu tafi, Baba. In ɗanka ya ji kana hannu, zai fito."

Matar dattijon, Mama Saratu, ta fito da gudu ko ɗankwali babu. Ta ce mijinta yana da hawan jini, a bari ya ɗauki maganinsa. Anas ya ce ba asibiti za su ba.

Da suka isa ofis, Anas yana tura dattijon bayan kanta, Baba Ɗanjuma ya juyo ya dube shi. Babu faɗa a muryarsa. "Yarona, wace doka ce ta ce a kama uba saboda ɗansa?"

Anas bai san abin da doka ta ce ba. Ya ja ƙofa ya rufe.

Washegari ogan ya dawo. Da ya ji abin da aka yi, sai ya miƙe tsaye. "Wa ya koya maka wannan? Doka ta hana a kama wani a madadin wani! Ba ka karanta ba? Buɗe min ƙofar nan!"

Aka buɗe. Dattijon yana kwance a ƙasa, bakinsa ya karkace, hannunsa na dama ba ya motsi. Aka garzaya da shi asibiti. Likita ya ce jininsa ne ya hau, ɓarin jikinsa ya shanye, kuma da wuya ya sake magana. Kafin mako ya zagayo aka kama wanda ya saci janaretan yana ƙoƙarin sayar da shi. Ɓarawon ko sunan Elisha bai taɓa ji ba.

Aka yi bincike, aka kori Anas daga aiki. Ya koma ɗakinsa a Gyadi-Gyadi, ya daina zuwa filin ƙwallo, ya rame. Korar ba ta dame shi kamar tambayar dattijon ba. Yana cin abinci sai ya ji ta, ya ajiye cokali. Yana salla sai ya ji ta, ya manta raka'ar da yake. Ya ɗauko littafin dokokin da Bilkisu ta kawo masa, ya buɗe, ya tarar da amsar a fili cikin layi biyu. Ya karanta ya sake karantawa har hawaye suka hana shi gani.

Bilkisu ce ta ce ya je ya nemi gafara. Ya je ya sami iyayen Elisha a ƙofar gida. An fito da Baba Ɗanjuma a keken guragu yana shan iska, Mama Saratu tana goge masa baki. Anas ya durƙusa.

"Baba, ku yafe min. Don Allah ku yafe min."

Dattijon ya zuba masa ido. Leɓɓansa suka yi rawa, wani sauti ya fito, amma ba kalma ba ce. Anas ya matsa kusa, ya kasa kunne. Ya kasa gane ko yafewa ce ko akasinta.

"Ni na bar ka da Allah," in ji Mama Saratu a hankali. "Nawa na yafe. Nasa kuwa, shi kaɗai zai iya faɗa. Ka jira ya yi magana."

Anas ya yi ta zuwa yana zama a gefensa yana jira. Damina ta wuce. Wata safiya ya iso ya tarar an jera kujeru a ƙofar gidan, mata suna waƙoƙin coci cikin kuka. Baba Ɗanjuma ya rasu bai ce komai ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk mai son ya ɗauki aikin tsaron jama'a, ya fara da gyara kansa. Lissafi da tunani mai kyau da sanin doka ba abubuwa ba ne da ake koyo kawai don a wuce jarrabawa. Da su ake bambance mai laifi da mara laifi. Wanda ya saci amsa ya ci, ranar da rayuwa za ta yi masa tambayar gaske babu wanda zai leƙa, kuma wani bawan Allah ne zai ɗauki nauyin jahilcinsa.