Sunan 'Yar Kumburin Shinkafa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Inna.

An yi wata 'yar ƙwaro a fadama, ƙanƙanuwa, ja-ja. A cikin karan shinkafa ta girma, karan ya kumbura ya miƙe kamar ganyen albasa. Rannan da hantsi ta fito, raɓa na sheƙi, ba uwa ba uba. Irinsu kwana biyu Allah ya ɗiba musu a sarari. Ita kuwa abu ɗaya take so: a faɗa mata danginta, a raɗa mata suna kafin ta tafi.

Ta je wurin Ƙuda ta ce, "Baba, ni 'yar wace gida ce?"

Ƙuda ya murza hannu ya ce, "Fiffikenki biyu kamar nawa, amma waɗannan ƙafafu tsilli-tsilli? Gaba dai."

Ta je wurin Sauro ta ce, "Kawu, ni 'yar wace gida ce?"

Sauro ya daɗe yana neman wanda zai riƙa shan mari a madadinsa. Ya ce, "Ayya, ƙanwata ce ke sak! Gobe ki shige gaba zuwa kunnen manomi, ni ina baya."

Hankalinta bai kwanta ba. Ta nufi wurin Hawainiya, mai rarrabe dangin ƙwari, Sauro na biye yana mita.

"Iya, ni 'yar wace gida ce?"

Hawainiya ta juyo ido ɗaya a hankali, ta ce, "Buɗe fiffike." Ta buɗe, rana ta ratsa shi kamar ruwa. "Jijiyoyi 'yan kaɗan, ga gashi lallausa. Na Sauro jijiya birjik. Juya." Ta juya. "Ga 'yan sanduna biyu a bayan fiffike. To, kakanku ɗaya da Ƙuda. Sunkuyo." A goshinta akwai zare biyu, ƙulli-ƙulli kamar carbi. Hawainiya ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tasbihi. "Bakinki kuma ba allura. Ba ki taɓa cizon kowa ba, yarinya. Gidanku daban ne, ba a taɓa kawo min irinki ba."

Sauro ya ce, "Ƙarya ne, tsohuwa! Dubi kamarmu!" Ya matso har bakin Hawainiya. Harshe ya fito, harshe ya koma da Sauro. Shiru.

"To Iya, sunana fa?"

"Sai ranar bakwai, kamar kowa."

'Yar ƙwaro ta sauke fiffike. "Jibi ba ni nan, Iya. Haka uwata ta tafi, haka kakata, ba wadda ta kai bakwai."

Launin Hawainiya ya sauya sau uku. Can ta ce, "A cikin karan, kwana nawa kika yi?"

"Ina jin iska tana kaɗa ni, ina barci ina farkawa. Ya kai ashirin."

"Subhanallahi! Ashe daga fitowa muke ƙirga muku, alhali kun daɗe da zuwa duniya. Bakwai ɗinki ta wuce tuni."

Nan take ta yi bismillah, ta raɗa mata: Ƙudan Kumburi. 'Yar ƙwaro ta tashi tana maimaita shi, ta bi ganye-ganye tana saka ƙwai, kowanne ta raɗa masa sunan a kunne.

Ku ji, yarana: kome ƙanƙantar halitta, Mai ita ya san ta, kada ku yanke mata dangi kafin ku duba ta da kyau.

Ƙurunƙus, ta shige cikin karan shinkafa.