Waldar Gam

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, wanda Allah ya zuba wa albarka a hannu. Ba zan kama sunansa ba, domin shi da 'ya'yansa suna nan da rai. A unguwarsu Mai Gam ake ce masa, babba da yaro.

Kun san gam ɗin nan mai haɗi biyu, wanda yake zuwa cikin 'yan bututu kamar na man goge baki? A matso wannan, a matso wancan daidai wa daida, a cuɗa su da tsinke a kan guntun kwali, a yi maza a shafa kafin ya fara kamewa. In ya bushe sai ya koma kamar dutse. To, da shi mutumin nan yake cin abinci. Ɗan shago gare shi a bakin titi, tebur ɗaya, da samfefa, da gwangwanayen fenti a jere. Kofin tangaran da hannunsa ya fita, murfin fulas, ƙafar tabarau, bokitin da ya tsage, duk wurinsa ake kaiwa. In aiki ya yi sauƙi ya zauna yana manna fasassun tayil a gefen madubi, har mai wucewa ya tsaya kallo.

Wannan halal ce tsantsa, kada wani ya fita daga nan ya ce malam ya haramta gam. A lokacin mutumin yana faɗin gaskiya. Zai miƙa wa mace kofinta ya ce, "Hajiya, wannan a kabad za a ajiye shi don ado, kada a ƙara zuba masa ruwan zafi." Ta yi godiya ta tafi, kowa ya kwana lafiya.

Ta ina Shaiɗan ya shigo masa? Ta yabo ya shigo. Mutane su juya kaya su juya, su nemi inda ya karye su rasa, su ce, "Kai, kamar sabo!" Yau kamar sabo, gobe kamar sabo, sai zuciyarsa ta raya masa: in dai ba mai iya ganewa, me zai sa ka faɗa?

Sai ya fara sayen karyayyun kaya a hannun masu tara tsofaffin ƙarafa. Kujerar ƙarfe, keken yara, ƙafar fanka, teburin guga. Ya manna, ya goge, ya shafa fenti, ya jera a ƙofar shago. Mai saye ya tambaya ko akwai abin da ya taɓa samun kayan, ya ce babu, ya bi da rantsuwa.

Har wata dabara ya ƙirƙiro, wadda duk sanda na tuna ta sai tsigar jikina ta tashi. Zai zuba garin ƙarfe a cikin gam ɗin, ya shafa a inda ya karye, kafin ya bushe ya ɗauki kan ƙusa yana dannawa a jere, har wurin ya yi tudu-tudu irin na walda. Ya bi da baƙin fenti. Wallahi in ba kankarewa ka yi da wuƙa ba, sai ka rantse wuta ce ta haɗa ƙarfen nan. Ya rinƙa bugun ƙirji a majalisa, yana yi wa mai waldar da ke tsallaken titi dariya, wai shi ba ya buƙatar inji da tartsatsi, gam ɗinsa ya fi wuta riƙo.

Kaya sukan dawo, ba wai ba sa dawowa ba. Kujera ta zubar da baƙo, keke ya rabu biyu a ƙarƙashin yaro. Ya haɗa rai ya ce su ne ba su iya riƙon kaya ba. Allah ya yi ta jinkirta masa, shi kuwa yana ganin wayonsa ne.

Mutumin nan yana da uwa, tsohuwa mai ciwon gwiwa. A ɗakin sama na gidansa take zaune, ita da ƙanwarsa mai aikin ɗinki, wadda take kula da ita. Matattakalar a waje take, ta siminti, mai kwana ɗaya a tsakiya, an yi mata ƙarfen dafawa a gefe. Tsohuwa takan sauko kowace safiya ta zauna cikin jikokinta, wannan ƙarfen ne madogararta.

Ruwan sama da rana suka ci ƙarfen, tsatsa ta kama shi. Wata rana ya ɓalle daidai kwanar, ya tsaya yana lilo. Ƙanwar ta samo jan tsumma ta ɗaura a wurin don kowa ya gani, ta ce, "Yaya, don Allah a kira mai walda, ka san Inna ba ta sauka sai da shi." Ya ce to.

Ku saurara da kyau a nan. Duk tsawon lokacin da ƙarfen yake a karye, ba wanda ya faɗi. Tsohuwa tana ganin jan tsumma sai ta koma ɗaya gefen, ta dafa bango, ta sauko a hankali, in ta gaji ta zauna ta huta. Da wahala, amma lafiya lau take isa ƙasa.

Shi kuwa ya rasa yadda zai tsallaka titi ya ce wa mai walda zo ka taimake ni. Mutumin da ya gama yi wa ba'a a gaban jama'a? Girman kai ya hana. Sai ya bari ƙanwar ta tafi shagon ɗinki, tsohuwa ta kwanta bayan azahar, ya lallaɓo da kwalinsa da tsinkensa. Sauri yake yi kada a gan shi, ko tsatsar bai tsaya kankarewa ba. A kanta ya shafa gam, ya danna kan ƙusa, ya bi da fenti. Washegari da ya bushe, shi da hannunsa ya kwance jan tsumman.

Tsohuwa ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, an yi waldar?"

Ya ce, "An yi, Inna."

Ta ce, "Ikon Allah, ko ƙarar inji ban ji ba."

Ya ce, "Barci kike yi. Wallahi an yi."

Ta ɗaga hannu ta sa masa albarka. Ya 'yan uwa, ta sa masa albarka! Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce amin. Wace irin zuciya ce wannan? Uwar da ta ɗauki cikinka, ka dubi tsabar idonta ka rantse mata da Allah a kan ƙarya, kuma ƙaryar a kan abin da za ta jingina rayuwarta?

Gam ya riƙe na ɗan lokaci. Tsohuwa ta daina bin bango, ta koma gefen ƙarfe, tana sauka tana yabon ɗanta. Amma gam ɗin ba ƙarfe ya kama ba, tsatsa ya kama. Rana ta gasa shi, ruwa ya shiga ta ƙarƙashi, ba mai gani saboda fenti ya rufe.

Wata safiya ta zo daidai kwanar, gwiwar ta riƙe. Ta yi abin da kowa zai yi, ta saki nauyinta duka a kan ƙarfen. Jikokinta suna tsakar gida suna kallo. Ƙara ɗaya aka ji, sai ga tsohuwa a kan siminti, guntun ƙarfen yana hannunta ba ta sake shi ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A asibiti aka ce ƙugu ya karye, baya ma ya taɓu. Likita ya tambayi yadda aka yi, ta buɗe baki da ƙyar ta ce jiri ne ya ɗebe ta. Ku ji uwa. Tana kwance a wannan hali, amma asirin ɗanta take rufewa.

Ita kuwa ƙanwar da ta koma gida ɗauko kaya, sai ta tsinci guntun ƙarfen. Ta sa farce a kan waldar, waldar ta marmashe a hannunta kamar busasshiyar laka. Ta naɗe shi a mayafi, ta same shi a barandar asibiti yana karɓar jaje, ta ɗora masa a tafin hannu a gaban mutane. Ta ce, "Yaya, har Inna?"

Da tsohuwa ta ɗan farfaɗo ta sa aka kira shi. Ya durƙusa a bakin gado yana kuka. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi masa baki ba. Ta dube shi ta ce, "Da ka ce mini gam ne, ai da na ci gaba da bin bangona."

Ba ta ƙara tashi daga wannan kwanciya ba. Ko ta yafe masa kafin ta cika? Ba wanda ya ji, ni ma ban sani ba.

Kafin a gama zaman makoki labari ya gama unguwa. Kowa ya ɗauko wuƙa yana kankare abin da ya saya a wurinsa. Wannan ya kankare kujera, gam. Wancan ya kankare keken ɗansa, gam. Aka tara masa kayan a ƙofar shago tuli guda, ba wanda ya ƙara kai masa ko murfin kwano. Ƙanwar ta tattara nata ya nata ta bar gidan. Shi kuwa yana nan har yau, ya kulle ɗakin sama, ba ya iya ɗaga kai ya dubi matattakalar.

Ya 'yan uwa, ba gam ne ya kashe tsohuwar nan ba, kuma ba karyewar ƙarfe ba ce. Ƙarfe ya karye tana raye. Abin da ya kashe ta shi ne ɓoye karayar. Aibin da ake gani gargaɗi ne, mutum ya gan shi ya kauce. Wanda ya shafe aibi ya yi shiru, ya ƙwace wa ɗan uwansa damar kaucewa. Shi ya sa addininmu ya wajabta wa mai sayarwa da mai gyara su bayyana aibi, ko ba a tambaye su ba.

Na ga wasu suna sunkuyar da kai. Kai bakanike da ka ɗaure abu da waya ka ce ka sa sabo, da kai nake. Kai mai gidan haya da ka bi tsagar bango da fenti kafin masu kama ɗaki su zo, ka san wa zai kwana a ƙarƙashinta? Kana cewa ai baƙo ne, ba ka san shi ba. Shi ma Mai Gam da baƙi ya fara. Harshen da ya saba rantse wa baƙo, ranar da ya zo gaban uwa bai yi masa gardama ba.

Ka yi gyaranka, Allah ya sa albarka. Amma ka buɗe baki ka ce manni ne, kada a ɗora masa nauyi. In aikin ya fi ƙarfinka, ka sauke girman kai ka kira mai shi. In kuwa akwai abin da ka rufe jiya, kuma wani yana dogara da shi yau, kada ka tsaya komai bayan an sallame, ka je ka faɗa masa tun yana tsaye da ƙafafunsa.

Allah ya jiƙan wannan baiwa tasa, ya karɓi tuban ɗanta in ya tuba. Allah ya tsare hannayenmu daga ha'inci, harsunanmu daga rantsuwar ƙarya, kada ya sa mu zama sanadin hawayen iyayenmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda suka amince da mu. Amin.